Zaitun da Stamatis Ya Ce Zai Faɗo da Kansa

Idan ka tambayi Stamatis inda ya yi aiki a Atina, babban birninmu, zai gyara wuyan riga ya ce maka, "Jami'a, sashen kimiyya, shekara goma sha tara." Kuma ba ƙarya ya yi ba. Abin da ba ya faɗa shi ne da tsintsiya da tarin makullai ya yi shekarun nan. Mu dai a garinmu kowa ya sani, domin matarsa Froso ce ke wanke rigar aikin. Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya dawo mana da tabarau wanda idonsa ba ya bukata, da biro uku a aljihun gaba, da bakin da ba ya rufuwa.

Froso tana da itatuwan zaitun arba'in da biyu a gefen tudu, waɗanda mahaifinta ya ba ta ranar aurenta. Daga nan man gidan na shekara yake fitowa. A garinmu mutum zai iya shan kaye a zaɓe, ko ya bugu ya faɗa rami, ko 'yarsa ta gudu da direban bas, duk a manta kafin Ista. Amma gidan da aka ga ya sayi mai a kanti, to har jikokinsa sai an goranta musu. Froso kuwa tun da aka haife ta ba ta taɓa sa wa bakinta man da ba na itatuwan ubanta ba.

Injin matsar mai ɗaya ne a garin, kowane gida da ranarsa. Shi kuma zaitun in an kakkaɓe shi ba ya son jira, kwana biyu ya soma tsami. Saboda haka muke yin gayya. Kwana biyu kafin ranarka maƙwabta za su zo da tsani da sanduna da raga su kakkaɓe maka, kai ma in ranar wani ta zo ka je. A shekarar nan ranar Froso ta faɗo Asabar ta biyu a Disamba. Wanda ya rasa ranarsa sai kowa ya gama, can ƙarshen Janairu, bayan ruwan sama da tsutsa sun raba abin da ya rage.

Saura mako biyu, maza na zaune a shagon Kira-Evdokia, wato Uwargida Evdokia, inda ake shan gahawa ta gaba ana sayar da sabulu da shinkafa ta baya. Sai Lambros ya juyo. Shi ne ya riƙe wa Stamatis kambin aure a coci, don haka kumbaro suke kiran juna, gonarsa kuma tana ƙasa da ta Froso.

"Kumbaro, Alhamis da Juma'a naku ne. Mu takwas za mu zo. Ka ce wa Froso ta dafa mana waken nan nata."

Stamatis ya cire tabarau ya goge a hankali. "Kada kowa ya zo."

"Ban ji ba."

"Na ce kada kowa ya zo. Bana zaitun ɗina da kansa zai sauko. Ku dai ku ci gaba da dukan itatuwa da sanda yadda kakanninku suka yi, ni na wuce nan."

Har mai wasan karta ya ajiye kartarsa. Stamatis ya miƙe tsaye, domin ba ya iya bayani a zaune, ya ɗauko sukari guda biyu ya ajiye a kan tebur.

"Kun ga waɗannan? Suna jan juna yanzu haka. Komai na duniya yana jan komai. Teburin nan yana jan kujera, kujera tana jan tebur, wata yana jan teku. Abu mafi nauyi shi ya fi ja. Ni da idona na gani. A ɗakin gwajinmu akwai ƙwallayen dalma manya biyu, da ƙanana biyu a rataye jikin wata siririyar waya. Da an matso da manyan, sai ƙananan su karkato da kansu, ba wanda ya taɓa su. To in na ajiye abu mai nauyi a gindin itace, me zai hana zaitun ya biyo shi?"

Barba Yerasimos, wato Baba Yerasimos, tsohon malamin makarantar da ya koyar da rabin mazan shagon karatu, ya ɗago kai daga jarida. "Maganarka ta farko gaskiya ce, Stamatis. Amma jan nan da ka gani ƙanƙani ne ƙwarai. Ai don haka suke rufe tagogi, kada numfashin mutum ya fi shi ƙarfi."

"Wa kake gaya wa? Ni ne mai rufe tagogin!"

"To saurara. Duniya ɗungurungum tana ƙarƙashin itacenka, da duwatsunta da tekunanta, dare da rana tana ja, zaitun bai faɗo ba. Me za ka ajiye da zai ƙara mata?"

"Barba, da girmanka," in ji Stamatis yana murmushin tausayi. "Zaitun ya saba da duniya. Tun yana fure take jansa, ya daina kula ta. Baƙon ja yake bukata."

Aka kwashe da dariya. Ita kuwa dariya ba ta taɓa sa Stamatis ya ja da baya ba, sai ma ta tura shi gaba. Ya miƙa wa Lambros hannu a gaban kowa ya ce ya yafe kwanakinsa biyu, a ba wanda yake so. Lambros ya tambaye shi sau uku, sau uku yana cewa ya yafe. Nan take aka ba wata bazawara, Kira-Stavrula, wadda dama ba ta da mataimaki. A garinmu kuwa in an yi musabaha a kan gayya a gaban shaidu, magana ta ƙare.

Froso ta ji labarin kafin ya iso ƙofar gida, domin Evdokia ta fi shi sauri.

"Me ka yi?"

"Na hutar da ke dafa wa ƙarti takwas wake."

"Stamatis, itatuwan babana ne."

"Kuma bana za su san sun shigo hannun mai ilimi. Ke dai ki shimfiɗa raga ki nemi kujera."

Froso ta dube shi daga tabarau har takalmi. Sannan ta juya ta ci gaba da aikinta.

Washegari Stamatis ya ari uwar maƙera daga rufaffen shagon wani maƙeri da ya rasu. Shi da alfadarin gidan suka yi rabin yini suna jayayya kafin ta isa gona, ta kuma sauka a kan babban ɗan yatsansa na ƙafa. Ya ɗaure yatsan da tsumma, ya shimfiɗa raga, ya ajiye maƙera a gindin itacen farko, ya zauna da littafi da biro. Awa huɗu yana kallon sama. Wajen la'asar sai ga zaitun ɗaya ya faɗo, tif, a kan raga.

Da ɗingishi ya iso shago yana riƙe da shi sama. "Ga shi! Wa ya ce ba zai yiwu ba?"

Lambros ya karɓa ya matsa shi da yatsa, wata 'yar farar tsutsa ta leƙo. "Kumbaro, wannan ai mai gidan ne ya kayar da shi daga ciki."

"Tsutsar ma ai an ja ta. Tana da nauyi."

"Guda ɗaya a yini," in ji Barba Yerasimos. "In Allah ya ja da ranka zuwa shekara dubu, ka cika buhu."

"Nauyi ne bai isa ba," Stamatis ya ce. "Wannan gwaji ne kawai."

Daga ranar gidan Froso ya soma ƙaura zuwa gona. Da farko gadon ƙarfen ɗakin baƙi ya ɓace. Sai tsohon murhun ƙarfe, sai keken ɗinkin da ta gada daga uwarta, sai dutsen guga, sai ma'aunin awo da duwatsunsa. Ranar Talata Froso ta zo ɗora miya ta nemi babbar tukunya ta rasa.

"Ina tukunyata?"

"Tana aiki."

"Aikin me?"

"Tana ja."

"To kai ma je ka ja abincin rana daga gidan uwar wani."

Da yunwa ya koma gona, a hanya ya ci karo da Papa-Sotiris, fadan garinmu, yana tafe a kan jakinsa. Papa-Sotiris mutum ne da in ya shiga ƙofar coci sai ya ɗan karkace, jakin nasa kuma ya daɗe da fid da rai daga jin daɗin duniya. Stamatis ya dube shi, ya yi lissafi a zuci, idonsa ya yi haske.

"Fada, albarka nake nema wa itatuwa. Ga cuku, ga ruwan inabi na bara."

Da jin cuku fada ya sauko. Stamatis ya zaunar da shi a kan gadon ƙarfe daidai ƙarƙashin reshen da ya fi 'ya'ya, ya riƙa matsar da shi, "Ɗan gusa dama, Fada. Yauwa. Kada ka motsa." Fada ya yi addu'a ta minti biyu, ya ci cuku na awa biyu. Babu abin da ya faɗo sai kashin wani tsuntsu, wanda ya sauka daidai tsakiyar baƙar hularsa.

"Ka gani!" Stamatis ya daka tsalle da ƙafa ɗaya. "Ya fara! Kai ya zaɓa, bai zaɓe ni ba, don ka fi ni nauyi."

Fada ya cire hula ya duba, ya dubi maƙera, ya dubi murhu, ya dubi tukunya, sannan ya gane cikin jerin da aka sa shi. "Wato ni da tukunyar nan aiki ɗaya muke yi?"

"Kai ka fi ta nesa ba kusa ba, Fada."

"Allah ya shirye ka, ɗana, don ni na gaza." Ya hau jaki ya tafi da sauran cukun a aljihu.

Stamatis bai karaya ba. Ya tuna wani abu da ya ji ana faɗa wa ɗalibai yana shara a bayan aji, cewa in an rage tazarar da ke tsakanin abu biyu da rabi, jan yana ninkuwa huɗu. Ashe kuskurensa kenan! Kayan suna ƙasa, zaitun yana sama. Ranar Laraba ya jefa igiya ta kan babban reshe, ya ɗaura maƙera, ya ɗaura ɗaya bakin a jikin alfadari, ya ce masa ya ja. Maƙera ta tashi sama tana lilo har ta shige cikin ganye. Stamatis ya tsaya yana tafa wa kansa.

Sai ƙas! Reshe ya tsage tun daga gindinsa. Maƙera ta sauko, reshe ya biyo ta, alfadari ya tsinke igiya ya yi gari a guje. Rabin itacen da mahaifin Froso ya dasa da hannunsa yana kwance a ƙasa.

Lambros ya leƙo ta kan katanga. "Kumbaro, kana da rai?"

"Dubi zaitun nawa ya sauko lokaci ɗaya!" in ji Stamatis daga cikin ganye.

"Ya sauko kam. Da itacen."

Froso ta zo ta tsaya a gaban tsagaggen itacen, ta sa hannu ta shafa wurin da ya tsage. Hawaye ya zubo mata, ni kuma da nake ba ku labarin nan na ce wannan kaɗai ya isa a ɗaure Stamatis a jikin itacen har bazara. Ta share fuska ta nufi gidan Lambros ta roƙe shi ya dawo da gayya. Lambros ya sunkuyar da kai ya ce, "Kumbara, da a hannuna yake da na zo ko da rarrafe. Amma an ba Stavrula, a gaban mutane. In na janye, wa zai kakkaɓe mata?" Froso ta ce gaskiyarsa ne, ta juya.

Alhamis tun da asuba ta ɗauki tsani da sanda ta shiga gona ita kaɗai, mace mai shekara hamsin da takwas. Ta hau, ta doka, ta sauko, ta tattara, ta fitar da ganye, ta ɗura a buhu. Stamatis ya wuce ta da littafinsa yana girgiza kai.

"Kina wahalar da kanki a banza."

"Matsa, kana tare mini haske."

Kafin azahar ɗin Juma'a ta cika buhu shida. Ba zai kai su shekara ba, amma zai kai su Ista, kuma ba za a ce ranar gidan ta wuce babu ko ɗigo ba. Da yake gonar hawa-hawa ce, kowane hawa da katangarsa ta dutse, ta jera buhunan a hawa na ƙasa, jikin katangar da ta raba su da Lambros, inda mota za ta zo ta ɗauka da safe.

Shi kuwa gogan naka yana can saman tudu. Akwai wani kangon gidan matsa na zamanin da, wanda aka daina aiki da shi tun kafin yaƙi, a ciki kuma akwai dutsen niƙa, mai faɗi ya kai ƙirjin mutum, da rami a tsakiya. Stamatis ya kwana biyu yana haƙa da tokara har ya tsayar da shi a kan gefensa. Shirin shi ne ya gangaro da shi a hankali zuwa hawa na sama, inda kan itatuwan hawa na biyu yake daidai da ƙasa. Ga nauyi, ga kusanci. Ya aika gari cewa duk mai son ganin yadda za a riƙa girbi nan gaba ya zo ƙarfe uku.

Kuma an zo. 'Yan gayya sun gama da gonar Stavrula suka biyo da sandunansu. Evdokia ta rufe shago, abin da ba ta yi ba ko ranar da aka binne mijinta. Fada ya zo amma ya ƙi zama a kan komai. Barba Yerasimos ya hau da sandarsa yana haki, ya dubi dutse, ya dubi gangara, ya dubi igiyar da aka zura ta cikin ramin.

"Stamatis, wannan igiyar ta mece ce?"

"Ta shanya ce. Tana da ƙarfi, ta ɗauki barguna uku jiƙaƙƙu."

"Ɗaya bakin fa, a ina ka ɗaura?"

Stamatis ya buɗe riga ya nuna bel ɗin da ke ƙugunsa.

"Wayyo Maryama," in ji Evdokia, ta yi alamar gicciye.

"Ɗana, ji nan," Barba ya ce. "Duk abin da ka faɗa game da ja gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Dutsen nan zai ja zaitun ɗinka, amma ja wanda ko gashin gira ba zai ɗaga ba. Akwai dai abu ɗaya a nan da yake ja da gaske, kuma shi ne kake tsaye a kansa. Dutsen nan yake jira."

"Hassada ce," Stamatis ya faɗa wa jama'a. "Shekara arba'in yana koyar da a-ba-ca, bai taɓa shiga ɗakin gwaji ba."

Froso ta ɗago daga ƙasa ta hango taron. Ta sa hannu a baki ta yi kira, "Stamatis! Buhunana suna ƙasa!"

"Taku goma kawai zai yi!" ya amsa. Ya gyara tabarau, ya ɗaga hannu kamar mai ba da umarni ga soja, ya sa ƙafa ya ture itacen da ya tokare dutsen.

Taku uku na farko dutsen ya yi su cikin ladabi. Har wani ya fara tafi. A na huɗu ya ɗan ƙara sauri, Stamatis ya ɗan ƙara sauri. A na shida Stamatis yana gudu. A na takwas ƙafafunsa sun daina taɓa ƙasa yadda ya kamata, yana ihu, "Ku riƙe ni! Ku riƙe shi! Ku riƙe wani abu!" Lambros ya kai hannu ya cafko rigarsa, rigar ta zauna a hannun Lambros, mai rigar ya wuce.

Allah ya taimake shi bel ɗinsa tsoho ne. A bakin katangar farko bel ya tsinke, igiya ta zare wandon ta tafi da shi, Stamatis ya kifa cikin ƙaya da dogon farin kamfai na sanyi. Dutse ya tsallake katanga da wando yana kaɗawa a bayansa.

Daga nan babu mai iya komai sai kallo. Ya dira a hawa na biyu ya bi ta kan gadon ƙarfe ya lanƙwashe shi. Ya daki murhu, murhu ya tarwatse. Keken ɗinki ya yi sama, tukunya ta bi gangara tana ƙara ita kaɗai. Ya fasa katanga ta biyu, ya fasa ta uku, yana naɗe raga yana ja. Froso ta jefar da sanda ta faɗa gefe. Dutsen niƙa kuwa, da yake aikin da aka sassaƙa shi don shi kenan, ya bi ta kan buhu shida ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko guda ba. Ya niƙe su lilis cikin laka.

Bai tsaya ba. Ya ɓalle katangar ƙarshe ya faɗa gonar Lambros, ya nufi wani ƙaton itacen zaitun da ya girmi cocin garin, wanda duk shekara sai mutum huɗu sun yi yini biyu a kansa. Dama Lambros ya riga ya shimfiɗa masa raga. Dutse ya dake shi, dum! har ƙasa ta girgiza. Itacen ya yi rawa tun daga gindi har ƙoli, sai zaitun ya fara zuba kamar ƙanƙara a kan kwano. Ya yi ta zuba, ya yi ta zuba, har raga ta yi baƙi.

Sai Lambros ya cire hula ya ɗaga ta sama.

"Kumbaro! Ya yi aiki! Na rantse ya yi aiki! Badi ma ka zo!"

Mutane suka zube ƙasa don dariya. Fada ya riƙe ciki yana neman gafarar Ubangiji. Stamatis ya taso daga cikin ƙaya, babu riga, babu wando, tabarau a karkace, amma bakin nan yana nan daram.

"Ku yi dariya! Amma ku tambayi Barba, dutsen ma ya ja duniya. Ita ma ta ɗan taso ta tarye shi. Ko ƙarya na yi, Barba?"

"Gaskiya ne," Barba Yerasimos ya ce yana share ido. "Ta taso. Sai dai dutsen ne ya yi yawancin tafiyar."

Froso ba ta yi dariya ba. Tana durƙushe a inda buhunanta suke, ta sa tafin hannu a laka ta ɗago, mai kore yana sheƙi a jikin yatsunta. Ta shinshina shi. Da mutane suka lura da ita, dariyar ta mutu da kanta, kowa ya ɗauki sandarsa ya kama hanya.

Ranar Asabar babu abin da gidan zai kai inji, don haka aka ba Lambros ranar, tunda shi ne zaitun ɗinsa ya sauko ba shiri. Ranar Lahadi ruwa ya tsinke da iska, ya yi kwana tara. Abin da ya rage a itatuwan Froso ya zube cikin laka, ba raga, ba katanga. Lambros ya zo da babban gwangwanin sabon mai a kafaɗa ya ce, "Kumbara, wannan ai rabinsa naku ne." Froso ta yi masa godiya ta ce ya mayar. Stavrula ta aiko, ta mayar. Ba girman kai ba ne, akwai abin da take jira.

Randar man bara ta kai gindi ana saura kwana huɗu Kirsimeti, lokacin da kowace mace ke bukatar mai don yin ƙosan zuma. Ranar Lahadi, ana fitowa daga coci, dandali cike da mutane, Froso ta buɗe jakarta ta fito da kwalba babu komai ciki, ta miƙa wa mijinta.

"Je ka sayo mai."

Stamatis ya waiga hagu da dama. "Froso, gobe zan shiga birnin Kalamata, can ba wanda ya san..."

"Wajen Evdokia. Yanzu."

Ya yi ƙoƙarin cusa kwalbar cikin kwat.

"A hannu," in ji ta.

Haka ya ratsa dandali da kwalba a hannu, Froso tana biye da shi taku uku a baya, kanta a ɗage. Shago cike da masu shan gahawa. Stamatis ya matsa jikin kanta ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Me ka ce?" Evdokia ta sa hannu a kunne. "Ɗaga murya, Kir-Stamatis, kunnena ya yi nauyi."

"Mai."

"Man fitila?"

"Man zaitun."

"Man zaitun? A kanti? A garin nan?" Ta juya ga maza. "Shekara talatin ina bayan kantar nan, ba wanda ya taɓa tambaya, wa zan ajiye wa?" Ta hau kujera ta laluba can bayan sabulu, ta sauko da wata robar man girki na masana'anta, fari fes kamar ruwa, wanda wani ɗan yawon buɗe ido ya yi oda bai dawo ba. Ta busa ƙurar. "Wannan ne kaɗai."

Babu wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ko Lambros kallon cikin kofinsa yake yi. Stamatis ya buɗe baki zai yi bayani, a karo na farko tun dawowarsa daga Atina ya rasa abin faɗa. Ya ɗauki roba ya fito.

Da rana Froso ta zuba wake a kwano biyu. Ta ɗauki robar kanti ta tsiyaya masa a nasa har ya yi iyo. Sannan ta shiga ɗakin ajiya ta fito da ɗan ƙaramin kofin gahawa, cike da abin da ta kankaro daga gindin randa, man itatuwan ubanta na ƙarshe, kore, mai kauri, ƙamshinsa ya cika ɗaki. Ta tsoma burodi ta ci a hankali. Stamatis ya haɗiye yawu.

"Froso. Ɗan ɗigo."

Ta dube shi. Ta ɗauki kofin ta ajiye a can ƙarshen tebur, ta ɗan matso da shi faɗin yatsa biyu wajensa.

"Ga shi nan, na rage maka tazara," ta ce. "Jawo shi."

Ta ci gaba da cin abincinta. Stamatis ya zauna yana kallon kofin har waken gabansa ya huce.